Muryar Baba a Ninki Biyu

Ƙanena Hazim yana da kunnuwa biyu kamar kowa, amma ɗaya kawai yake ara wa mutane. Ɗayan na masu fodkas ne, wato shirye-shiryen hira da ake saurara ta intanet. Daga fitarsa gida ya hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, har ya sauka a bakin ofishinsu, akwai wasu Turawa biyu ko uku zaune a cikin kunnensa suna gardama a kan yadda ya kamata a gina shafin intanet a bana. Abin da suka ce bara daban ne, baɗi ma kuma za su sake baki.

Sana'armu ɗaya da shi. Mu ne masu gina fuskar shafi, wato abin da ido ke gani yatsa ke dannawa. Shi yana wani kamfani can cikin gari, ni kuma a gida nake nawa aikin, a ɗakinmu na hawa na uku da ke kallon teku ta gefe guda in ka leƙa da kyau. Sana'a ce da ba ta barin mutum ya tsufa da mutuncinsa. Kayan aikin da ka kashe shekara kana koyo, wata safiya sai ka ji wani a fodkas yana dariya yana cewa ai wannan ya zama tarihi. Saboda haka ban taɓa ganin laifin Hazim ba a kan sauraron. Tsoro ne, kuma ni ma ina da shi. Ya ba talatin baya, ga samari ana yaye su kullum, kowa da sabon salo a bakinsa. Sau da yawa ma shi ke ceto na.

"Yaya Rihab, har yanzu da wannan kike aiki?" in ji shi in ya leƙo kwamfutata. "Ai an yi masa sallah tun watan jiya."

"Allah ya jiƙansa. Ni dai gawar tasa ce ke ciyar da ni."

"Zan turo miki wani shiri, ki saurara."

"Ka saurara mini, ka faɗa mini a taƙaice. Amfanin ƙane ke nan."

Abin da ban so ba shi ne yadda yake sauraron. Shirye-shiryen sun yi masa yawa, lokaci kuma bai ƙaru ba, sai ya sa manhajar wayarsa ta riƙa juya su a saurin ninki biyu, ta kuma yanke duk wani shiru da ke tsakanin kalmomi. Na taɓa karɓar abin sauraron da yake maƙalawa a kunne na saka, sai na ji kamar an saki kaji a ɗaki. Shi kuwa daɗinsa yake ji. Ya ce da ka saba, maganar mutane ta yau da kullum ce za ka ji tana jan ƙafa.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinmu, Alhaji Bayyumi, mai gwanjon kifi ne a kasuwar Anfushi tun kafin a haife mu. Da asuba zai hau kan akwati, kwale-kwale suna sauke kaya, dillalai sun kewaye shi, ya dinga zubo farashi da zagi da kirari a numfashi ɗaya, har sai mutum ya sayi kwandon sardin bai san ya ɗaga hannu ba. A gida ma haka yake. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ita ba ta taɓa ƙarasa zance ba tun da ta aure shi.

Wannan mutumin ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar a bakin masallaci. Ya tashi, alhamdu lillahi, ƙafar ta dawo da taimakon sanda, amma harshen ya tsaya a baya. Na dawo da shi wurina. Sai ka ga ya buɗe baki, idonsa ya san abin da yake so, leɓensa na rawa, kalmar kuma ta ƙi fitowa. In ta fito, ita kaɗai take zuwa, sai an daɗe 'yar'uwarta ta biyo ta.

Likitar da ke koya masa magana, Dakta Mirwat, mace ce ƙarama mai kaifin baki. Ta zaunar da mu ni da Hazim ta ce, "Kalmominsa suna nan, ba inda suka je. Hanyar ce ta toshe. Duk lokacin da ya yi fama ya fito da kalma da kansa, yana share hanyar. Duk lokacin da kuka faɗa a madadinsa, kun ƙara toshe ta. Watannin nan na farko su ne kasuwarsa. In ta watse bai yi ciniki ba, to, ku saba da shirunsa."

Hazim ya gyaɗa kai. Abin kunne ɗaya yana kunnensa.

Ran Juma'a yakan zo cin abincin rana. Yana son Baba, wannan ba na shakka, shi ne ma ke yi masa aski yana yanke masa farce. Amma jira ne ba ya iyawa. Baba zai fara, "Ina... ina..." sai Hazim ya tare, "Ina sandarka? Ga ta. Ina magani? Ka sha. Ina jarida?" Kamar akwatin bincike da muke ginawa, wanda kana buga harafi biyu ya cika maka sauran.

Wata Juma'a ina kwashe kwanuka, na ga Baba ya kama hannun rigar Hazim ya riƙe. Bakinsa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ƙura masa ido. Hazim ya sunkuya.

"Ruwa, Baba? Shayi? Banɗaki? Fanka ta yi yawa?"

Baba ya girgiza kai, ya sake gwadawa.

"Ruwa ne, ko? Bari in kawo."

Ya kawo. Baba ya dubi kofin, ya saki rigar, ya karɓa ya sha. Hazim ya biyo ni kicin idonsa ya yi ja, ya ce, "Wallahi Yaya ba zan iya kallon wannan ba. Mutumin da kasuwa guda ke jin muryarsa, yana roƙon ruwa haka? Dole a yi wani abu."

Ya kuwa yi. A makon nan ya ji wani shiri a kan yadda ake gina shafuka saboda masu lalura, aka haɗa da karatun da aka fi yi mana a wannan sana'a, cewa mutum ba ya jira, kada ka wahalar da shi, ka ba shi abin da yake so kafin ya nema. Juma'ar da ta biyo sai ga shi da tabilet a hammata. Ya gina wa Baba shafi. Manyan madannai masu hoto, ga ruwa, ga shayi, ga banɗaki, ga sallah, ga "ina jin ciwo", ga "na gode". Da Baba ya taɓa, sai wata murya mai ladabi irin ta masu karanta labarai ta faɗi kalmar.

Na duba shi da idon sana'a ina neman aibu, ban samu ba. Rubutun ya tafi daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, launukan ba sa gajiyar da ido, madannan sun isa hannun hagu mai rawa. Yana buɗewa kafin ka ƙifta ido. Aikin da ya fi kowanne kyau ke nan da na taɓa gani daga hannun Hazim, har na ɗan ji kishi.

Gida kuwa ya yi sauƙi. Ina aiki sai in ji muryar mai labarai daga falo, "Shayi, don Allah." Baba bai taɓa cewa don Allah a kan shayi ba a rayuwarsa, amma na kai masa. Hazim bai tsaya nan ba, don duk abin da ya ji a tiram ran Litinin sai ya shigo shafin Baba ran Juma'a. Ya sa shafin ya koyi al'adar Baba, da safe ya turo shayi gaba, in lokacin sallah ya yi ya turo alwala. Har ta kai Baba ba ya ma nema, madannin da ya fi girma kawai yake taɓawa.

Ban lura da ranar da ya daina magana ba. Dakta Mirwat ce ta lura. Ta nuna masa hoton kwale-kwale, abin da a baya yakan faɗa bayan ɗan fama, sai ya waiga yana neman tabilet. Ta karɓi tabilet ɗin ta jujjuya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ƙanena."

"Gwani ne. Akwai marasa lafiyata da zan so su samu irinsa, waɗanda harshensu ba zai dawo ba. Mahaifinku ba ya cikinsu, sai dai in kun sa shi." Ta miƙo mini. "Ki ɗauko mini muryarsa a waya kafin zuwa na gaba. Ko me ya faɗa, ko zagi ne."

Da yamma na kira Hazim, kuma ban yi masa da daɗi ba.

"Garin gyaran gira ka tsone masa ido. Ka zo ka ɗauki abinka."

"Haba Yaya! Da can yana kuka don ya kasa neman banɗaki, kin manta? Yanzu yana da mutuncinsa."

"Yana da muryar wani ƙato da bai sani ba."

"Ana iya sauya muryar. Akwai wani sabon..."

"Hazim, in ka ce mini ka ji a fodkas, wallahi zan zo har ofishinku in cire maka kunnen nan."

Ya kashe wayar. Kuma gaskiyar magana, yana da tasa hujjar, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Na gwada ɓoye tabilet ɗin, Baba ya buga sanda a ƙasa, ya juya fuska bango, ya ƙi cin abinci. Na mayar masa. Kwanaki suna tafiya, wayata ba ta ɗauki komai ba sai tari da ƙarar fanka. Na fara jin tsoron cewa kasuwar ta watse.

Kifi ne ya buɗe bakinsa. Wata rana aiki ya riƙe ni, ban je Anfushi ba, na sayi kifin buri a wurin wani mai kura a bakin titinmu. Na wuce da shi ta falo a faranti, sai Baba ya tare ni da sanda. Ya ɗaga kunnen kifin da yatsa, ya dubi idonsa, ya danna cikinsa. Fuskarsa ta canza. Ya jawo tabilet ya dudduba, ruwa, shayi, na gode, babu abin da ya dace da wannan ɓacin rai. Ya ture shi.

"Wa..." in ji shi.

Na ajiye farantin a gabansa, na kunna wayata na ajiye a kan tebur.

"Wa... ya... sayar..."

Ya ci gaba, kalma ɗaya, dogon shiru, wata kalmar. Na zauna ina gyaɗa kai, na tsinci "jiya", na tsinci "ɓarawo". Can na ji man da na ɗora yana ƙauri, na ruga kicin, aka kuma kira ni daga wurin aiki a kan wani madanni da ya ƙi zama a inda aka sa shi. Ina jiyo muryarsa sama-sama yana ta fama shi kaɗai da kifin. Da na dawo ya gaji ya yi barci a kujera, wayar na nan tana ɗauka. Na tura wa likita. Na kuma tura wa Hazim, da fushina, na rubuta masa cewa ga abin da shafinsa ya kasa faɗa.

Washegari da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana ofis, sai ga shi a ƙofa. Bai yi sallama da kyau ba. Ya ja ni kicin ya rufe ƙofa.

"Kin saurari abin da kika turo?"

"Ina wurin aka yi shi."

"A'a. Kin saurara?"

Ashe a tiram ya buɗe, kuma ya buɗe ne da manhajar da yake jin fodkas, da saurinta na ninki biyu da yanke shirunta. Ya cire abin kunnen ya saka mini, ya danna.

Sai ga Baba. Ba mai sanda ba, Baban kan akwati. Muryar ta ɗan sirance, wasu haruffan sun karkace, amma shi ne, da tashin maganarsa da faɗuwarta, kalma na bin kalma ba jira.

"Wa ya sayar miki da wannan? Kifin jiya ne, na shekaranjiya ma. Dubi idonsa, kamar na surukina. Ɓarawo ne, ya wanke shi da ƙanƙara. 'Yar Bayyumi a cuce ta a kan kifi? Abin kunya. Ko kyanwa ba za ta taya ba."

Na toshe bakina da hannu. Dariya ce ta fara zuwa, kuka ya biyo ta. Na yi wata da watanni ina wanke mutumin nan ina ciyar da shi, ina jin tausayinsa kamar wanda ya rage rabi, ashe yana nan cif, ba abin da ya ragu sai sauri.

"Da saura," in ji Hazim. "Bayan kin tashi."

An ji ƙarar kujera, sai muryar ta sauko.

"Rihab. Ta tafi. To. Ki faɗa wa ɗan'uwanki, ranar nan ba ruwa nake so ba. Sunansa nake nema. Ya ɓace mini. Na kusa kama shi, ya kawo mini ruwa. Ba ya jira. Ni na koya masa."

Muka tsaya a kicin ba mai kallon wani. Hazim ya share fuska da hannun riga. Sai na ga idonsa ya fara wannan ƙyallin da na sani.

"Yaya, kin san ana iya yin wannan kai tsaye? Ya yi magana, shafin ya ɗauka, ya yanke shirun, ya ƙara sauri, sai mu ji shi kamar da. Ba zai ɗauke ni..."

Na zuba masa ido, ludayi a hannuna. Shi da kansa ya ji abin da bakinsa ke faɗa, ya tsaya a tsakiya.

"Sai ya zama muna jiran na'urar," in ji shi a hankali.

"Shi kuma ya ci gaba da magana da kifi."

Ya karɓi abin kunnen daga hannuna, ya cire na ɗaya kunnen, ya zuba su a cikin kofin shayi da ba kowa a ciki, ya ɗora wayarsa a kai. Ban taɓa ganin kunnuwansa biyu a buɗe ba tun yana jami'a, har suka yi mini kamar sun fi da girma.

Baba yana falo kusa da taga, tabilet a cinyarsa, babban madannin shayi ya turo kansa gaba don lokacinsa ya yi. Hazim ya durƙusa ya sumbaci hannunsa, ya ɗauki tabilet ɗin ya ajiye a kan tebur inda hannun Baba zai kai in ya so, amma ya kife shi. Ya jawo kujera ya zauna dab da shi.

"Ga ni, Baba. Yau ba na zuwa ko'ina."

Baba ya dube shi, ya dubi kunnensa na dama, ya dubi na hagu. Ya miƙa hannu ya kama hannun rigarsa kamar ranar nan. Bakinsa ya fara motsi.

Na kawo shayi na ajiye, na tsaya a bakin ƙofa. Ina ganin ƙafar Hazim tana rawa. Babban yatsansa yana danna iska a kan gwiwarsa, daidai inda madannin tsallakewa yake zama a waya. Sau biyu ya ja numfashi zai yi magana. A na biyun ya tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Tiram ya wuce a ƙasa, mai sayar da gas ya wuce yana buga tukunyarsa, wani tiram ɗin ya sake wucewa. Zufa ta tsattsafo wa Baba a goshi. Ni kaina sunan yana kan harshena, sai da na cije leɓe.

"Ha... zim."

"Na'am Baba! Na'am, ga ni, ka faɗa daidai, wallahi ka..."

Baba ya ɗaga yatsa ɗaya, irin ɗagawar da yake yi wa dillalin da ya yi saurin miƙa hannu ga kwando. Hazim ya haɗiye sauran.

"Ban..." Leɓen ya yi rawa, ya tsaya, ya sake kamawa. "Gama... ba."

Hazim ya koma ya jingina da kujera. Na jawo tawa kujerar na zauna kusa da shi. Shayin ya huce a kan tebur, muka ci gaba da jira.